Ƙuri'a 342: Yadda Aka Raba Gardamar Gwamna a Sakkwato

Ranar Lahadi, 24 ga watan Maris na shekarar 2019, bayan mutanen Jihar Sakkwato sun shafe mako biyu cur ba su san wanda zai riƙe ragamar mulkinsu ba, bayan kuma an kwana ana dakon sakamakon ƙaramar hukuma ɗaya tak da ta rage, sai Farfesa Fatima Mukhtar, shugabar Jami'ar Tarayya ta Dutse a wancan lokaci, wadda hukumar zaɓe ta ɗora wa amanar tattara ƙuri'un jihar, ta karanta lissafin da har yau ba a daina ambatonsa ba a duk majalisar da aka taɓo zancen siyasa. Aminu Waziri Tambuwal na jam'iyyar PDP ya sami ƙuri'a 512,002, Ahmed Aliyu na jam'iyyar APC kuwa ya sami 511,660. Mutum sama da miliyan ɗaya suka ba da shaida a tsakanin waɗannan mutane biyu, amma abin da ya rinjayar da ma'auni bai wuce ƙuri'a 342 ba.

Ya kamata mai karatu ya dakata ya auna ƙanƙantar wannan adadi, domin ɗaurin auren gidan attajiri ɗaya a birnin Shehu yakan tara jama'ar da ta fi haka. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, saboda haka da a ce a kowace mazaɓa an sami mutum ɗaya rak, ko wani tsoho da ya dogara sanda ya zo, ko wata matar aure da ta bar tukunya bisa murhu, ya ɗauke yatsansa daga kan lemar PDP ya dangwala wa tsintsiyar APC, to da wani ne daban aka rantsar a watan Mayun 2019. Kai, mutum 172 ma sun isa su juya al'amarin.

Ba za a fahimci yadda husuma ta yi zafi haka ba sai an koma ga asalinta, kuma asalinta rikici ne na cikin gida, gama su biyun 'ya'yan ɗaki ɗaya ne a siyasa. Tun komawar ƙasa mulkin farar hula a 1999, siyasar Sakkwato take zagaye da manyan mutane ƙalilan, waɗanda kowannensu ya taɓa zama ƙarƙashin inuwar ɗan'uwansa kafin su raba gari. Alhaji Attahiru Bafarawa ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, mataimakinsa kuwa shi ne Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko, Sarkin Yamman Sakkwato, wanda talakawa suka fi sani da Alu. Da zama ya ƙi daɗi sai Wamakko ya ajiye muƙamin a 2006, ya fito takara, ya kayar da wanda Bafarawa ya tsayar a 2007, kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen a 2008, aka sake, ya sake ci. A ƙarshen 2013 yana cikin gwamnoni biyar da suka fice daga PDP suka shiga sabuwar jam'iyyar APC, kuma da wa'adinsa ya cika a 2015, shi ya ɗaga hannun Tambuwal, aka haɗa shi da Ahmed Aliyu, wanda ya taɓa riƙe kwamishina a gwamnatinsa, a matsayin mataimaki.

Shi kuwa Tambuwal ba baƙo ba ne ga gwagwarmaya. Lauya ne da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai tun 2003, ya zama Kakakin Majalisar a 2011 alhali uwar jam'iyyarsa wata take so ba shi ba, kuma waɗanda suka bi labarai a Nuwamban 2014 ba su manta ranar da 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa bayan ya sauya sheƙa zuwa APC ba, har 'yan majalisa suka riƙa haura shinge. Mutum mai irin wannan tarihi da wuya ya daɗe yana karɓar umarni daga wani, uban gidan siyasa kuma da wuya ya yarda cewa wanda ya ɗora bisa kujera ya fi ƙarfin a yi masa magana. A farkon Agustan 2018 Tambuwal ya koma PDP, ya nemi takarar shugaban ƙasa a babban taron Fatakwal cikin watan Oktoba, ya zo na biyu bayan Alhaji Atiku Abubakar, sa'an nan ya dawo gida ya karɓi tutar takarar gwamna daga hannun Manir Ɗan'iya, wanda ya koma mataimakinsa. Ahmed Aliyu bai bi shi ba. Ya tsaya tare da Wamakko, ya sami tutar APC, ya ajiye muƙamin mataimakin gwamna a watan Nuwamba. Sai ga shi abin da ya faru tsakanin Bafarawa da mataimakinsa shekara goma sha biyu kafin nan ya maimaita kansa, illa dai a wannan karo Bafarawa yana cikin PDP, yana gefen gwamna, yana fuskantar tsohon mataimakin nasa.

Lalle ne a faɗi gaskiya, wannan takara ba ta ginu bisa saɓanin aƙida irin ta zamanin NPC da NEPU ba, lokacin da mai fartanya da mai tauraro suka bambanta a kan matsayin sarauta da haraji da haƙƙin talaka. Abin da aka fi ji a dandalin yaƙin neman zaɓe shi ne zancen amana da butulci daga ɓangare ɗaya, da zancen 'yanci daga ɗaurin uban gida daga ɗaya ɓangaren, kuma ina baƙin cikin cewa mas'alar yaran da ba sa zuwa makaranta, da ta asibitocin karkara, da ta 'yan bindigar da tun 2018 suka fara zubar da jini a gabashin jihar, ba su sami rabin lokacin da aka ba wa wancan zance ba.

Kafin mu shiga ranar zaɓe, bari mu duba sharaɗin da doka ta gindaya. Sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a zama gwamna sai an cika abu biyu: mutum ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, watau 16 cikin 23 ke nan a Sakkwato. Hikimar sharaɗi na biyu ita ce kada wani ya dogara ga garinsu ko ƙabilarsa kaɗai ya mulki sauran jama'a ba da yardarsu ba. Sakkwatawa sun san wannan ƙa'ida fiye da kowa, domin a kanta aka yi shari'ar nan ta 1979, sa'ad da ɗansu Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'i a jiha 12 cikin 19, a Kano kuma ya gaza kaɗan, har Kotun Ƙoli ta yanke cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne sha biyu da sulusi biyu, ba sha uku ba. Allah ya yi wa Shagari rasuwa ran 28 ga Disamba, 2018, mako goma kafin wannan zaɓe da muke magana a kai. A 2019 dai sharaɗin rubu'i bai dami kowa ba, don dukansu biyu suna da jama'a a ko'ina. Gardamar duka a kan sharaɗin farko take.

An fara da zaɓen shugaban ƙasa ran 23 ga Fabrairu, bayan an ɗage shi da mako ɗaya cikin daren da za a wayi gari a yi shi. A Sakkwato Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a 490,333, Atiku ya sami 361,604, Wamakko kuma ya koma kujerarsa ta Majalisar Dattawa. Duk mai lissafi da ya ga wannan tazara ta kusan dubu 129 sai ya ce gwamna ya riga ya faɗi, magoya bayan tsintsiya kuma suka ci gaba da kiran a yi sak, watau a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa.

Wanda bai taɓa tsayawa a rumfar zaɓe har ƙarshe ba, ya rasa ganin wani abu mai ban sha'awa. Tun da sassafe ake kafa layi biyu, na maza daban na mata daban, galibi a farfajiyar makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa, kuma sau da yawa layin mata ya fi tsawo, alhali a zaɓen tarayya na 1959 ba a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a ba sam, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu wannan ƙofa. Malamin zaɓe, wanda yawanci yaro ne mai hidimar ƙasa da aka turo daga wata jiha mai nisa, yana zaune bayan tebur da kundin sunaye, na'urar tantancewa tana karanta kati, a nemi yatsa ya hau, in ya ƙi a goge shi da gefen riga a sake gwadawa. Idan aka gama, sai a zazzage akwati a gaban kowa, a ware takardu jam'iyya jam'iyya, malamin ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, jama'a kuma suna amsa ƙidaya da baki ɗaya kamar ɗalibai a gaban malam. In aka zo kan takardar da tawada ta zarce layi, sai ejan ɗin lema da na tsintsiya su duƙa a kanta, wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce ta lalace, a yi ta jayayya a kan takarda ɗaya tamkar gadon gona. Waɗanda suke ganin wannan jayayya ɓata lokaci ce, lissafin 342 ya isa ya ba su amsa. Daga nan a rubuta adadi a takardar da ake kira EC8A, ejan-ejan su sa hannu, a kai mazaɓa, daga mazaɓa a kai ƙaramar hukuma, daga can a kai babban birnin jiha, kowane mataki da takardarsa, kamar yadda ruwaya take bin isnadi daga baki zuwa baki, kuma rauninta yana nan a duk inda aka sami mai ruwaya marar amana.

Da aka tattara ƙuri'un zaɓen gwamna na ranar 9 ga Maris, sai lissafi ya saɓa wa zato. Tambuwal ya sami 489,558, Ahmed Aliyu ya sami 486,145. Abin lura a nan, wanda ba a cika faɗarsa ba, shi ne ƙuri'un APC ba su ragu da wani abin kirki ba tsakanin Fabrairu da Maris, don abin da ya fita bai kai dubu biyar ba. Na PDP ne suka ƙaru da kusan dubu 128 cikin mako biyu. Mutanen gwamna suka fassara wannan da cewa talaka ya san bambancin Abuja da Sakkwato, kuma wanda bai damu ya fito don shugaban ƙasa ba yakan fito idan aka zo kan wanda albashi da taki da rijiyar ƙauyensu suke hannunsa. 'Yan adawa kuwa suka ce akwai aringizo da ƙarfin gwamnati a ciki, kuma wannan da'awa ce suka kai gaban alƙalai daga baya. Ko ma wace fassara mutum ya ɗauka, tazarar da ke tsakani 3,413 ce, alhali an soke zaɓe a rumfuna 136 da ke warwatse cikin ƙananan hukumomi 22, waɗanda mutum 75,403 suka yi rajista a cikinsu. Sai jami'ar tattara sakamako ta ce zaɓe bai kammala ba.

A wannan mako ne wata kalmar Turanci ta shiga bakin Hausawa, har 'yan acaba da masu shayi suna ta inkwankulusib, domin ba Sakkwato kaɗai abin ya shafa ba. Kano da Bauci da Adamawa da Filato da Binuwai duk haka aka yi musu. Ƙa'idar da hukumar zaɓe ta kafa hujja da ita tana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya yi karatun farko na fiƙihu. Mai salla idan ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, ba ya sallamewa bisa zato, ba ya kuma rushe sallar ya faro daga kabbarar harama. Yakan yi gini bisa abin da ya tabbata, ya kawo abin da ya rage. To haka nan, idan yawan mutanen da aka soke zaɓen rumfunansu ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a da yaƙinin wanda ya ci, don haka ƙuri'un da suka inganta suna nan daram, waɗanda aka hana su kaɗai za a koma a tambaya. Kotun Ƙoli ta riga ta amince da wannan ƙa'ida a shari'ar da ta biyo bayan zaɓen Kogi na 2015, wanda Abubakar Audu ya rasu yana kan gaba kafin a ƙarasa shi.

Ni dai a ganina asalin ƙa'idar adalci ne, kuma ba na tare da masu cewa a jefar da ita. Mutumin ƙauyen da ya bar gonarsa ko dabbobinsa, ya tsaya cikin ranar bazara tun hantsi, sa'an nan wasu 'yan banga suka zo suka fasa akwati, ba shi da laifin kome, kuma zalunci ne a ce an naɗa masa shugaba ba tare da an ji ta bakinsa ba alhali bakinsa zai iya sauya hukunci. Amma wajibi ne a yarda cewa ƙa'idar tana da ƙofa biyu da ɓarna take shigowa. Ta farko, a 2019 da yawan masu rajista ake yin awo, kundin rajista kuwa cike yake da waɗanda suka rasu, da waɗanda suka yi ƙaura, da waɗanda ba su karɓi katinsu ba, saboda haka adadin yakan kumbura fiye da haƙiƙa. Ta biyu ta fi muni: wanda ya hango faɗuwa yana iya tura yara su hargitsa rumfunan da ya san ba nasa ba ne, a soke su, ya sami mako biyu na sabon shiri, watau mai laifi ya ci ribar laifinsa. Maganin wannan kuwa yana ga hukunta mai fasa akwati da wanda ya aike shi, abin da har yau ba mu ga ana yi yadda ya kamata ba.

Mako biyun nan da suka biyo baya sun nuna wani aibi na uku. Ƙarfin jam'iyyu biyu da dukiyarsu da manyansu, waɗanda a da suka rarrabu a kan rumfuna sama da dubu uku, sai suka tattaru a kan 136. Ƙauyen da bai taɓa ganin babban mutum ba sai ga jerin motoci a ƙofar mai gari, ana bin masu kati gida gida, an san sunan kowa, an san dangin kowa. A irin wannan hali sirrin ƙuri'a yakan yi rauni, farashinta kuma yakan tashi, kuma talakan da talauci ya riga ya karya wa gwiwa ana ɗora masa jarrabawar da ta fi ƙarfin mutane da yawa. Malamanmu sun sha faɗa a kan mumbari cewa ƙuri'a shaida ce, mai sayar da ita kuwa ya yi shaidar zur, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ina ganin zunubin wanda ya zo da kuɗin, yana sane da yunwar wanda zai ba, ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Ran Asabar 23 ga Maris aka yi zaɓen raba gardama. Sakamako ya riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, tazara tana raguwa, har dare ya yi aka dakatar da tattarawa saura ƙaramar hukumar Kebbe, wadda take can kudancin jihar, kuma ta fi kowace yawan rumfunan da aka soke. A lokacin gwamna yana gaba da kimanin ƙuri'a dubu biyu. Kebbe kuwa rabin mazaɓar da Tambuwal ya wakilta ce shekara goma sha biyu a Abuja, amma duk da haka APC ce ta rinjaya a rumfunan da aka sake a can, har ta kusa cinye tazarar duka. A jimlar zagaye na biyu Ahmed Aliyu ya sami 25,515, Tambuwal ya sami 22,444. Watau ɗan adawa ne ya ci wannan rana da ƙuri'a 3,071, sai dai bashin da ke kansa 3,413 ne, ragowar da ya kasa biya ita ce 342 ɗin nan.

A wannan rana ɗin a Kano al'amari ya juya ta wata fuska, domin Abba Kabir Yusuf na PDP, wanda yake gaba da ƙuri'a 26,655 a zagayen farko, ya ƙare a bayan Gwamna Abdullahi Umar Ganduje da 8,982, cikin yanayin da masu sa ido na gida da na waje suka ba da rahoton tarzoma da razana masu zaɓe. A Osun ma cikin 2018 mai rinjayen 353 ya koma mai faɗuwa da 482. Shi ya sa jama'a da yawa suka ɗauka inkwankulusib dabara ce kawai ta ƙwace zaɓe daga hannun 'yan adawa, amma Sakkwato ta nuna cewa ba kullum ba ne, gama a nan jam'iyyar da ke mulkin tarayya ce ta nemi cike gibi ta kasa.

Ahmed Aliyu bai tura magoya bayansa kan titi ba, ya nufi kotu, kuma wannan abin a yaba masa ne, domin mutumin da ya rasa mulki da irin wannan tazara yana da duk abin da zai iya hura wutar fitina da shi in ya so. Tsarin mulki ya ƙayyade kwana 21 na shigar da ƙara, da kwana 180 na kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, da kwana sittin sittin na ɗaukaka ƙara. Kotun farko ta kori ƙarar a Oktoban 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahunta, Kotun Ƙoli kuma ta rufe babin ran 20 ga Janairu, 2020, bisa dalilin cewa mai da'awa bai kawo hujjar da ta isa ba. Nauyin hujja a irin wannan shari'a yana da tsanani ƙwarai, saboda ana bukatar mai ƙara ya tabbatar da ɓarna rumfa rumfa, da shaidun da suka gani da idonsu, cikin 'yan kwanakin da aka ba shi.

Akwai wani adadi da ya fi tsaya mini a rai fiye da duk waɗanda na ambata. Masu rajista a jihar a 2019 sun kai kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari tara, waɗanda suka fito kuwa kaɗan suka haura miliyan ɗaya. Ko an cire matattu da matafiya da marasa lafiya, dubban ɗaruruwa ne suka zauna a gida, da yawansu bisa imanin cewa an riga an rubuta sakamako, fitarsu da zamansu duk ɗaya. Hatta a rumfuna 136 ɗin nan, inda kowa ya san idon ƙasa duka yana kansu, abin da manyan 'yan takara biyu suka samu a haɗe 47,959 ne cikin 75,403.

An gyara wani abu daga baya. Dokar zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Fabrairun waccan shekara, ta mai da awon aringizo bisa yawan waɗanda na'ura ta tantance a rumfa, hukumar zaɓe kuma ta koma auna tazara da yawan katunan da aka karɓa maimakon yawan sunayen da ke cikin kundi, abin da ya toshe ƙofar farko ko da bai taɓa ta biyu ba. Ran 18 ga Maris, 2023, Ahmed Aliyu ya sake fitowa, ya sami ƙuri'a 453,661, ya kayar da Sa'idu Umar na PDP mai 404,632, ba tare da an je zagaye na biyu ba. Amma zaɓen 'yan majalisar tarayya na jihar a wannan shekara bai kammala a ranarsa ba, sai da aka koma rumfuna ran 15 ga Afrilu, kuma ta wannan ƙarashen zaɓe ne Wamakko ya riƙe kujerarsa ta Sakkwato ta Arewa, Tambuwal kuma ya sami ta Sakkwato ta Kudu, suka haɗu a zauren Majalisar Dattawa ɗaya.